Yadda Muka Je Inugu Sayen Kan Jirgi

Tun da muka dawo daga Inugu ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Kwaya a sa ni gaba, kuma tambayar ɗaya ce: "Malam Rabe, wai da gaske sayen jirgin ƙasa kuka je?" Na ba da labarin har murya ta dishe, kuma duk wanda ya ji sai ya yi mashi ƙari. Shekaranjiya a wurin mai shayi na ji wani yana rantsuwa cewa mun sayo jirgin, a Makurɗi ya faɗa ruwa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya tambaye ni in miƙa mashi takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin aikin ƙarfe ne a wata makarantar koyon sana'a nan cikin gari. Maiɗakina ɗiyar ƙanen Alhaji Sada ce, mai fataucin fatu da ƙiraga, don haka in Alhaji ya aiko kira ba ni da bakin kawo uzuri. Da soja suka ce za su koma bariki aka buɗe siyasa, Alhaji ya fito neman kujerar majalisar jiha. Abokin takararsa ya yi wa mutane alkawarin famfo. Alhaji ya hau dandamali, tafi ya ɗebe shi, ya ce shi jirgin ƙasa zai kawo Katsina, kuma kafin ranar zaɓe kowa zai gani da idonsa. A garin da ko taku ɗaya na dogo babu.

Washegari ya kira ni zaurensa. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da aiki da ruwan bana, sai ya ce ya sami labarin 'yan reluwe sun daina aiki da kawunan jirgi masu cin kwal tunda masu dizal sun zo, an tara su a Inugu ana jiran masu yanka ƙarfe.

"Ka tahi ka zaɓo mani guda," in ji shi. "A ɗoro shi bisa tirela a aje a filin taro. Ranar gangami mu cika cikinshi da tsofaffin tayoyi mu cinna wuta. Mutane hayaƙi suke son gani, Rabe."

Na ce, "Alhaji, ni ban san kan jirgi ba. Ko an ba ni mara kyau ba zan gane ba."

"Ba kana da kawu ba?"

Kawu Iro yayan mahaifiyata ne. Ya bar Katsina yana saurayi, ya shiga reluwe a Zariya yana share toka, ya hau har ya zama direban jirgin fasinja, ya kuma yi ritaya ya dawo garin da babu wanda ya san darajar abin da ya yi. Da na je mashi da maganar, sai ya ce, "Laraba tana can." Laraba ita ce kan jirgin da ya fi daɗewa yana tuƙawa. Ni kan jirgi namiji na san shi, amma Kawu bai taɓa ce mata "shi" ba. Ya tashi nan take ya shiga neman tsohuwar hularsa ta aiki. Na ga murnar da ke fuskarsa, sai na ce mashi Alhaji yana son a aje ta ne don mutane su gani su ƙaru. Zancen tayoyi na haɗiye shi.

Ranar tafiya Alhaji ya aiko mana da guzuri, da wasiƙa, da igiya. Igiyar ƙulli biyu gare ta. Ya sa an auno faɗin Ƙofar Kwaya ne, domin ta nan yake son a shigo da jirgin, saboda gidan abokin takararsa yana daf da wurin. Duk kan jirgin da ya wuce tsakanin ƙulli da ƙulli, kada mu saya.

Muka shiga mota zuwa Zariya. Bayan Malumfashi muka tarar da shingen soja. Wani kofur ya leƙo yana tambayar kowa inda za shi da abin da zai yi. Mai kaji ya faɗa, mai zuwa biki ta faɗa. Da ya zo kaina na ce ziyara. Kawu, da ba ya ƙarya ko a wasa, ya ce, "Ba ziyara ba ce, samari. Jirgin ƙasa za mu sayo."

Kofur ya ce mu sauko. Ya kira sajan. Sajan ya karanta wasiƙar Alhaji sau biyu, ya warware igiyar ya duba, ya tambaye ni ko da ita za mu jawo shi. Na yi mashi bayanin ƙofa. Ya dubi kofur ya ce, "Waɗannan ne za mu bar wa ƙasar." Ya naɗe igiyar da kansa, ya miƙo mani da hannu biyu, ya yi mana fatan sauka lafiya.

A tashar Zariya jirgin Fatakwal ya shigo da kan dizal. Kawu ya juya mashi baya har ya tsaya. Muka sami wuri a wani tarago kusa da wani ɗan kasuwa mai tulin tukwanen ƙarfe, dattijo mai fara'a. Muna zama ya ce, "Tun daga ƙofa nake jin mashi, mashi, na san bayina sun shigo." Banufe ne, sunansa Ndagi, kuma kun san wasan da ke tsakaninmu Katsinawa da Nufawa. Kawu ya ce mashi ai ubangida ba ya tafiya sai da bawa mai ɗaukar tukwane. Kafin mu kai Kaduna sun zama kamar tare suka tashi.

Ndagi ne ya tambayi wane irin jirgi za mu saya, kuma a nan na fara jin abin da ban taɓa zama na saurara ba duk shekarun da nake tare da Kawu. Ya sayi ƙosai ta taga, ya shimfiɗa takarda a kan cinyarsa, ya jera su, ya ce ƙafafun Laraba ke nan. Ƙanana biyu a gaba. Manya takwas a tsakiya, huɗu nan huɗu nan. Biyu a baya.

"Waɗannan na gaba su ke laluben hanya in an zo kwana," in ji shi. "Takwas ɗin nan sandar ƙarfe ta ɗaure su, tare suke juyawa, su ne ƙarfin. Na baya murhu suke ɗauke da shi. Kwal ɗinmu na Inugu toka gare shi, in ka matse shi sai ya shaƙe, yana son fili. Shi ya sa da aka zo ƙera irin su Laraba a Ingila aka faɗaɗa masu murhu, har ya yi nauyin da sai da aka ba shi ƙafafunshi. Bayan yaƙin Turawa aka kawo su ta ruwa, kowace da sunan kogi a jikinta, an rubuta da farin ƙarfe."

"Akwai kogin da ake kira Laraba?" in ji Ndagi.

"Nata sunan wani kogin kudu ne, harshena bai taɓa iya shi ba. Ranar Laraba aka ba ni ita."

Ya ci gaba. Ya ce a kan gadon bayanta akwai wani tulu da ake cikawa da yashi, in ta zo hawa ƙafa tana santsi sai direba ya ja wani hannu ta zuba wa kanta yashi a gaba ta taka. Wata mata da ke gefe ta ce ita ba ta yarda ba, abin da ke jan tarago goma ba zai tsaya wasa da ƙasa ba. Kawu ya juya zai ba ta amsa, kafin ya juyo Ndagi ya cinye ƙafa biyu daga cikin takwas. Sai da aka sayo wasu a tasha ta gaba aka ƙarasa darasi.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne da Ndagi ya ce ai abin sha'awa a irin jirgin nan hayaƙin ne, baƙi ƙirin har ya rufe gari. Kawu ya ɓata fuska. Ya ce baƙin hayaƙi abin kunya ne, alama ce ta mai zuba kwal bai san aikinsa ba, yana jibga mata abin da ba za ta iya ci ba. Ya ce Laraba in tana hannunsa da na Linus, abokin aikinsa mai zuba kwal, sai dai ka ga wani ɗan fari-fari yana bin bayanta. Na kau da kai na kalli taga.

Ndagi ya sauka a Lafiya da safe. Muka taya shi fitar da tukwane, muka yi sallama har da alkawarin zumunci. Jirgi ya tashi, ina ɗaga mashi hannu, sai na lura da igiyar da ya ɗaure kayansa da ita. Na buɗe jaka. Igiyar Alhaji tana nan, amma ƙulli ɗaya ya rage. Ya yanki abin da yake buƙata ya maido sauran a naɗe tsaf. Na nuna wa Kawu, ya ce, "Banufe ke nan," ya ci gaba da jan carbi.

A Makurɗi muka hau gadar Binuwai. Ni da na saba da kogin da ake tsallakawa da ƙafa rabin shekara, da na leƙa na ga ruwa ba iyaka sai na koma na zauna. Wata mata tana taɓa goshi da ƙirji, ni ina karanta abin da ya zo bakina. Kawu idonsa a rufe, yana jin ƙarar ƙarfe, ya ce direban ya shigo da gudu fiye da kima. Da muka haye ya ce, "To, daga nan mun bar gida." Gaskiyarsa. Masu tallar fura suka ɓace, sai doya gasasshiya da manja, da lemu, da ayaba wadda sai an soya ake ci. Kunu kuwa ko sunansa ba a sani ba.

Mun isa Inugu ana ruwa. Kawu bai tambayi masauki ba, ya nufi bayan loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, yana tambayar tsofaffi ina Linus. Aka nuna mana wata rumfa inda wani tsoho siriri mai furfura yake gyaran fitilun aci-balbal da risho. Rabonsu da juna tun shekarar da aka yi tashin hankali, kafin yaƙin basasa. Ina tsammanin za a rungume juna a yi kuka. Tsohon ya ɗago kai, ya aje abin da ke hannunsa, ya ce da Hausa tsantsa irin ta wanda aka haifa a Kafancan:

"Direba."

"Linus."

"Ba ni na bar ruwa ya yi ƙasa a hawan Kafancan ba."

"Kai ne."

"Gilashin ne ya toshe. Na gaya maka tun a Kaduna."

"Da ka gaya mani da na ji."

Suna wannan musu hannunsu na cikin na juna, kuma ba su saki ba har muka isa gidan Linus. Zancen masauki bai ma taso ba. Ya ce in muka kwana a wani wuri ya fita daga sha'aninmu.

A gidan na tafka kurakurai biyu kafin in zauna sosai. Na farko, da maiɗakinsa ta fito, wadda kowa ke ce wa Madam, na gaishe ta irin gaisuwarmu ta damina, na ce, "Ina ruwa?" Ta koma ciki da sauri ta kawo mani a kofi. Su can ruwan sama ba abin gaisuwa ba ne, kullum yana nan kamar maƙwabci. Na biyu, aka kawo goro a faranti, ɗan ƙarami mai ɓari huɗu. Aka fara miƙo mani, na ɗauka na ce na gode, na jefa a baki. Kowa ya zuba mani ido. Ashe nunawa ake yi, baƙo ya taɓa ya mayar, ya zagaya kowa ya gani, sannan maigida ya ɗaga shi ya yi addu'a mai tsawo da harshensu kafin a fasa. Mu da muke cin goro muna tafiya muna ciniki, ban taɓa sanin akwai inda ake yi mashi huɗuba ba. Linus ya aika aka kawo wani, ya yi addu'arsa, ya ce ya sa da ni a ciki, ya roƙa mani haƙuri.

Madam ta sayi sabuwar tukunya saboda mu, ta kuma aika da kaza unguwar Hausawa aka yanko. Tuwon rogo ne mai tsami, wanda warinsa ke riga shi shigowa ɗaki, da miyar shuwaka. A cikin miyar akwai kaza, akwai busasshen kifi, akwai ganda, abin da a gidanmu miyar kwana uku ce. Na ci don kunya, na ƙara don daɗi. Muna ci Madam ta zauna kusa da ni, da 'yar Hausarta da taimakon hannu ta ba ni wani labari. Ta ce a waccan shekarar ta tashin hankali Kawu ne ya binne mijinta cikin kwal a bayan Laraba, ya bar mashi wurin numfashi, ya riƙa hura wutar da kansa yana tuƙi har Makurɗi. Ban taɓa jin wannan a gidanmu ba. Na dubi Kawu, ya ce in ci abinci.

Da safe Linus ya kai mu inda aka tara su. Layi biyu ne a bayan yadin reluwe, ciyawa ta kai gwiwa, sun yi tsatsa ja, wasu kabewa ta yaɗu a kansu. Duk an cire farantan sunayen. Kawu bai tsaya dubawa ba, ya wuce guda shida ya tsaya a ta bakwai, ya ɗora tafin hannu a kan wata lotsawa da ke gefenta.

"Saniya ce, a Zonkwa," ya ce mani. "Ita ta fara."

Ban san girman abin ba sai da na tsaya a gindinsa. Ƙafa ɗaya ta kusa kai mani kafaɗa. Kawu ya kama ƙarfe ya hau ɗakin direba kamar mai shekara talatin, Linus ya bi shi. Duk abin da ke da jan ƙarfe an kwance, agogunan sun tafi, hannun usur ma babu. Ya tsaya a wurin tsayuwarsa ya leƙa ta 'yar taga, gabansa kuwa babu komai sai bayan wata matacciyar 'yar'uwarta.

Sai ga maigadin wurin ya taho yana faɗa da hannuwa. Linus ya fassara mana. Ba hawan ne ya dame shi ba. Tankin ruwan da ke bayan Laraba ya cika da ruwan sama, shi kuma ya zuba 'ya'yan tarwaɗa a ciki yana kiwo, kuma ya ji an ce wasu 'yan Arewa sun zo saye. Ya ce mu dubi Allah mu zaɓi wata, ko mu jira wata uku kifin ya girma. Ya buɗe murfin ya nuna mana. Suna nan kuwa, baƙaƙe, suna motsi. Kawu ya leƙa ya ce aƙalla dai ba a bar ta da ƙishi ba.

Daga nan muka je ofis. Akawun mutum ne mai ladabi, ya ba mu kujeru, ya karanta wasiƙar Alhaji, ya ciro takardar cikawa. Sunan mai saye, muka faɗa. Tashar da za a kai kaya, na ce Katsina. Ya duba wani littafi, ya duba taswirar da ke bango, ya ce bai ga tashar ba. Na ce babu tasha, babu ma dogo, a tirela za a ɗora. Ya cire tabarau. Ya ce babu tirelar da za ta ɗauka, in ma akwai babu gadar da za ta yarda. Sannan ya nuna mani gurabe biyu a takardar. Kan jirgi yana barin yadi ko dai a kan dogo, ko a yanke gunduwa-gunduwa. Babu gurbi na uku. Ya ce in muna so a yanka mana ita a zuba a buhuna mu je mu haɗa a gida, tunda an ce ni malamin ƙarfe ne.

Muka koma muka zauna a inuwar Laraba. Ni na ɗauka magana ta ƙare, ashe a wurin Kawu yanzu ta fara. Ya tsinci kara yana zane a ƙasa. Ya ce a ja ta a kan dogo har Funtuwa. Daga Funtuwa a sayi ƙarfen dogo tsawonta biyu, a shimfiɗa a gabanta, a tura ta, a kwaso na baya a maido gaba, haka haka har Katsina. Ya ce mutum arba'in sun isa. Linus ya yi lissafi da yatsu ya ce in ba a yi hutun Sallah ba za ta iso daidai zaɓe mai zuwa, ba wannan ba. Kawu ya ce to ai ba a makara ba. Da gaske yake. Ya fara faɗin inda za a gina mata rumfa, da yadda zai riƙa zuwa kowace safiya yana shafa mata mai.

Linus ya ce, "Duk na ji. Amma wa zai hura ta a can? Ina za ku sami kwal?"

Suka juyo su biyun suna kallona. Na so in ce Alhaji ya yi tanadi. Sai na fasa. Na ce, "Kawu, ka yafe mani. Ba kwal za a sa ba. Tayoyi za a ƙona a cikinta ranar taro, don hayaƙi."

Linus ya faɗi wata kalma da harshensu wadda bai fassara ba. Kawu ya miƙe tsaye. Ya share zanen da ya yi da tafin ƙafa, a hankali, har ya goge duka. Na fi son da ya zage ni. Can ya ce, "Miƙo igiyar nan."

"Kawu, ai ka san an yanke ta."

"Miƙo."

Ya ba ni bakin da ke da ƙulli ya ce in riƙe a gefe ɗaya na gabanta, ya ja sauran. Igiyar ta ƙare tun bai kai tsakiya ba. Ya duba da kyau, ya kira Linus ya shaida, ya kira maigadi ma ya shaida.

"Ba ta shiga ƙofa," in ji shi. "Haka za ka gaya ma Alhaji. An auna da igiyarshi."

Na ce, "In muka bar ta, masu yanka za su zo."

"Na sani."

Ya sake hawa shi kaɗai, ya daɗe a ciki, muna ƙasa muna jira. Da ya sauko hannuwansa sun yi baƙi, bai kuma wanke ba sai da lokacin azahar ya yi. Maigadi ya raka mu har bakin yadi yana godiya, ya ce in kifi ya girma rabonmu yana nan.

Dawowa ba ta da labari, sai dai Madam ta cika mana jaka da garin rogo da manja, kuma Kawu da Linus sun ƙarasa musun Kafancan ta tagar jirgi ba tare da kowa ya sauka daga kan bakansa ba. Har muka wuce Kaduna Kawu bai yi mani magana ba. A Zariya ya sayi rake ya karya ya miƙo mani rabi.

Na je wa Alhaji. Ya saurare ni, ya karɓi igiyarsa, ya jujjuya ta, ya ce kamar ta fi haka tsawo. Na ce ruwan kudu ne, yana sa abu ya tsuke. Ya ce ba komai, dama ya sake shawara, tunda ni malamin ƙarfe ne kuma yanzu na ga jirgi da idona, in ƙera mashi. Kwana tara muka yi da maƙera muna haɗa gangunan mai. Muka lulluɓe tarakta da su, muka kafa bututu, muka shafa baƙin fenti, muka ɗaura tirela biyu a baya da benci. Alhaji ya ce Kawu ne zai tsaya a matsayin direba. Na tabbata zai ƙi. Sai ya zo ya zagaya abin sau biyu, ya ce ya yarda bisa sharaɗi biyu. Ba taya, sai tukunyar ruwa a kan gawayi. Kuma mai tuƙa taraktar ba zai tashi ba, ba zai tsaya ba, sai ya ji usur ɗinsa.

Ranar gangami da la'asar muka tsaya a Ƙofar Kwaya, tururi yana fita fari. An shirya cewa magoya baya za su cika benci, mu zaga, mu tsaya a gaban dandamali Alhaji ya yi jawabi yana nuna mu. Ana cikin hawa sai ga wata tsohuwa da ƙwarya a kai da ƙullin kaya a hannu. Ba 'yar siyasa ba ce, daga unguwa ta fito. Ta dubi abin sama da ƙasa, ta dubi Kawu da hularsa, ta ce, "Malam, yana zuwa Kambarawa?"

Kawu ya ce, "Hau, baiwar Allah."

Ya busa usur muka tashi. Gari ya biyo mu. Muka iso filin taro, Alhaji yana tsaye da babbar riga ya ɗaga hannu biyu, maroƙa suna ta yi. Mai tarakta ya waiwayo yana jiran usur. Kawu yana kallon gaba. Muka wuce dandamali a hankali, kusa har ina ganin bakin Alhaji yana kiran sunana. Muka fita ta ɗaya gefen filin, jama'a kuma suka bar kujeru suka bi jirgi. An ce jawabin ya yi kyau, waɗanda suka ji shi ba su da yawa.

Sai da muka kai Kambarawa Kawu ya busa. Ya sauko, ya zagaya baya, ya karɓi ƙwaryar tsohuwar ya aje a ƙasa, ya riƙe mata ƙulli har ta sauko. Ta gyara mayafi, ta yi mashi godiya, ta ce wannan ya fi jaki nesa ba kusa ba. Har ta juya sai ta dawo.

"Gobe ƙarfe nawa yake tashi?"

Kawu ya zaro agogonsa daga aljihu, ya buɗe, ya duba.

"Takwas da rabi," in ji shi. "Ki fito da wuri. Ba ya jira."